Ruwan da Baba Ya Zuba wa Motata

Mahaifina direban babbar mota ne. Ya fi shekara arba'in a kan hanya tsakanin Funtuwa da kudu, ya kai hatsi da albasa, ya dawo da goro da manja. Duk tsawon yarintata ban taɓa ganin ya tayar da mota bai buɗe bonet ya duba ruwa da baƙin mai ba, ko da kuwa jiya da yamma ya duba, ko da a ƙofar gida ta kwana ba wanda ya taɓa ta. Yana da wani tsumma, tsohuwar hular sanyi ce da ta mutu, kullum tana aljihunsa, da ita yake kama murfin lagireto. Mu 'ya'yansa mukan tsokane shi mu ce ya fi sanin ƙishin motarsa a kan namu. Shi kuma ya ce ai mu muna da baki, ita ba ta da shi.

Wata bakwai bayan rasuwar mahaifiyarmu na ɗauko shi zuwa wurina a Amurka, da hujjar za a yi masa aikin yanar ido. Hujjar gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Ƙannena sun yi ta kirana suna cewa Baba ya daina fita majalisa, abinci sai ya taɓa ya ture, magana kuwa sai an ja shi. Tuƙi dama ido ya raba shi da shi tuntuni. Ni kuma da kaifin kaina na yanke cewa canjin wuri zai warkar da shi.

Sai na kawo shi Pleasant Garden, kudu da Greensboro, inda tsakaninka da maƙwabcinka akwai filin da a gida gonar masara za a yi da shi. Ba mai tafiya a ƙasa, ba mai sallama a ƙofa, ba teburin mai shayi. Ni ina fita aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, maigidana yana fita nasa, yara suna makaranta, in sun dawo ya yi musu Hausa su amsa da Turanci su haye sama. Baba ya sami kujera a bakin taga ya zauna. Wata rana na dawo na tambaye shi ya gida, ya ce tun safe mutum ɗaya ya gani a ƙafarsa, shi ma kare ne ke jan sa. Na yi dariya, shi bai yi ba. An yi aikin ido ɗaya, ya yi kyau, amma ba abin da yake son kallo da shi. Na fara jin tsoro na gaske, tsoron cewa na ɗauko mahaifina daga inda yake mutuwa a hankali na kawo shi inda zai fi saurin yi.

Motata ce ta tashe shi. Sabuwa ce, ba ta cika shekara biyu ba, kuma a waje take kwana domin garejin ya cika da motar maigidana da tarkacen yara. Wata safiya a ƙarshen lokacin zafi na fito da makulli a hannu, na tarar da bonet a buɗe, Baba ya sunkuya ciki har kafaɗa, tsummansa a hannu. Yadda ya gano inda ake jan mabuɗin, Allah kaɗai ya sani. Ya ɗago ya harare ni, irin hararar da na yi shekaru ban gani ba.

"Ke haka kike tashi ki murɗa makulli kawai? Ba ki duba komai?"

"Baba, ai ita ke faɗa da kanta in wani abu ya samu. Fitila ke kunnuwa."

"In fitila ta kunnu ai an riga an yi ɓarna."

Daga ranar, kullum bayan sallar asuba sai in ji ƙarar ƙofar gaba. Ya goge gilashi, ya zagaya tayoyi yana bugun su da ƙafa, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa. Ya dawo ciki yana neman shayi da burodi, har da ƙorafin cewa burodin ƙasar nan iska ce zalla. Ya koma yi mini faɗa, kan yadda nake taka birki, kan yadda nake barin tanki ya kusa ƙarewa. Faɗan nan da nake gudu ina budurwa, yanzu har jan sa nake yi don in ji. Wuyansa ya fara cikowa.

Maigidana ya ga abin da ke faruwa, amma mutumin kirki ne mai kunya, ba zai iya buɗe baki ya gyara wa surukinsa ba. A ɗaki ya same ni. Ya ce motocin nan ba irin na gida ba ne, kuma tawa tana ƙarƙashin garanti, wato alkawarin kamfani na cewa in inji ya samu matsala a shekarun farko su za su gyara da kansu. Amma in wanda ba nasu ba ya taɓa wani abu ya ɓata, alkawarin ya tashi. "Ki lallaɓa ki gaya masa," in ji shi. Na ce to. A raina kuwa na ce me zai ɓata, ai dubawa kawai yake yi. Ban gaya masa ba.

Wata Asabar a watan Oktoba na ari motar maigidana, don ta fi tawa ɗaukar kaya, na je cefane, shi maigidan abokinsa ya ɗauke shi sun tafi wata hidima. Ina dawowa na ga wani jan ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin motata ya bi siminti har bakin titi. Baba yana kwance a kan kwali, rabinsa a ƙarƙashin mota, wandonsa ya jiƙe, tiyon ban ruwan fulawa yana gefensa yana zuba. Ya fito yana haki, fuskarsa sai walƙiya take.

"An cuce ki, 'yar nan. Ruwan da ke cikin lagireton nan tsatsa ce zalla. Ja wur! Mota sabuwa fa. Sau uku na wanke kafin ya fito fari. Yanzu na cika miki da mai kyau."

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan rage shi ba. Na sha ganin galan-galan na ruwa mai launi a kantuna, a ɓangaren kayan mota, na kuma san ba don ado ake sayar da su ba. Ban san takamaiman aikinsu ba, amma na san abin da ya isa in ɗauki waya in tambaya, minti ɗaya ne. Sai na kalli Baba, tsaye da ƙafafunsa, hannunsa baƙi da dauɗar inji, yana jiran in yaba. Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Allah ya saka da alheri." Da ya shiga wanka na ɗauki tiyon na wanke simintin tas kafin maigidana ya dawo.

Motar kuwa ta ci gaba da tafiya lafiya lau. Sanyin shekarar ya fara da sauƙi, Nuwamba ta wuce, Disamba ta wuce, har na fara gaya wa kaina cewa tsorona ne kawai, Baba ya fi ni sani.

A Janairu aka yi irin ruwan saman nan da ke zama ƙanƙara da zarar ya taɓa ƙasa. Itatuwa suka sunkuya, wayoyin lantarki suka yi nauyi, aka rufe makarantu. Kwana biyu ban fita ba, motar tana tsaye a waje cikin sanyin da ban taɓa ji ba tun zuwana garin. A rana ta uku Baba yana da ganin likita da ƙarfe tara, don a sa ranar aikin ido na biyu, kuma mun daɗe muna jiran wannan ranar. Rana ta fito tar, amma ba zafi a cikinta ko kaɗan. Baba ya fita kamar kullum, ya dawo yana mita: ƙanƙara ta liƙe bonet, ya ja ya ja ya ƙi buɗuwa. Wannan ce rana ɗaya tak da bai duba ba. Na kankare gilashin gaba da ƙyar, muka shiga.

Da na tayar, inji ya yi wani ƙara mai tsini. Baba ya karkata kai.

"Bel ɗin inji ne ke kuka. Tsaya mu gani."

"Baba, mun makara. Sanyi ne, in ta ɗumama za ta daina."

Na kunna hita, iska mai sanyi ta fito. Muka yi tafiyar minti biyar, har yanzu sanyi take busowa. An zuba gishiri a babbar hanya, motoci suna tafiya a hankali ɗaya bayan ɗaya. Muna dab da wata gada sai ƙararrawa ta fara kuka a gabana, jar fitila ta kunnu, allurar zafi ta haye can ƙarshe. Kafin in gama karanta abin da ke rubuce, farin tururi ya turnuƙe daga bonet ya rufe gilashi, ya daskare a kai nan take. Ban ga komai ba. Na yi abin da kowa ya ce kada a yi: na danna birki da dukan ƙarfina, a tsakiyar gada.

Bayan motar ya fara zagayowa. Ba ƙara, ba gurzar taya, kawai muna sulalewa a karkace, sitiyari ya zama ba nauyi a hannuna. Na ji bakina yana salati da kansa. Sai muryar Baba, ƙasa-ƙasa, kamar yana neman a miƙo masa gishiri.

"Ɗaga ƙafarki. Ɗaga gaba ɗaya. Kada ki yi kokawa da ita. Inda gindinta ya nufa, can za ki mai da sitiyari. Kaɗan. Kaɗan na ce. Yauwa. Riƙe nan."

Ya sauke gilashin ƙofarsa ya leƙa kai waje cikin wannan sanyi, ya zama idona. "Dama kaɗan. Mun wuce gadar. Sauka gefe, akwai ciyawa." Tayoyi suka kama wani abu mai gurza, motar ta yi tsalle biyu ta tsaya, hancinta a cikin daskararriyar ciyawa. Wata mota ta wuce mu tana hon.

"Ƙanƙarar nan ai laka ce," in ji Baba. "Lakarsu ce dai fara. Kashe injin."

Na kashe, na kunna fitilun gaggawa. Ina juyowa na ga ya zaro tsummansa ya kama marfin ƙofa, zai fita ya buɗe lagireto. Motoci suna sulalowa daga kan gadar nan, taku kaɗan daga inda muke. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. "Baba, zauna!" Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya kalle ni, ya saki ƙofar, ya ɗora tsumman a cinyarsa.

Akwai kati a akwatin gaban mota mai lambar da ake kira in an maƙale a hanya, yana cikin abin da garantin ya ƙunsa. Na kira da yatsun da ba sa jin komai. Na'ura ta ce danna ɗaya, danna biyu, sannan kiɗa, kiɗa mai sanyi na mutanen da ke zaune a ɗaki mai ɗumi. Can wata mata ta ɗauka. Ta tambaya ko akwai wanda ya ji rauni, ko mun sauka daga kan titi sosai. Ta ce mu zauna a ciki da bel a ɗaure, kada mu sake tayar da inji, kada kowa ya taɓa murfin lagireto. Za ta turo janwe, amma garin ya cika da haɗurra, sai mun yi haƙuri.

Mun fi awa biyu muna haƙurin. Sanyi ya shigo ta ƙasa, ya fara da ƙafa. Na jawo dardumar salla daga kujerar baya na rufa wa Baba a gwiwa, na cire safar hannuna na sa masa da ƙarfi, yana cewa shi ba ya jin komai alhali leɓensa ya yi toka. Wani ɗan sanda ya tsaya, ya jera jajayen fitilu a bayanmu, ya leƙo ya tambaya ko dattijon yana lafiya, ya wuce wurin waɗanda suka fi mu shiga uku. Na kira asibitin ido na ce ba za mu samu zuwa ba. Baba kuwa yana ta lissafin abin da ya samu motar.

"Ko famfon ruwa ne, ko tiyo ya fashe. Amma ba rashin ruwa ba ne. Ruwa kam na tabbata da shi, da hannuna na zuba."

A lokacin idona ya faɗa kan gorar ruwan sha da na manta a aljihun ƙofa. Ta daskare ta zama dutse, gindinta ya kumbura ya turo waje har ba za ta iya tsayawa ba. Na dube ta, na dubi bonet, komai ya haɗu a kaina lokaci ɗaya, jan ruwan nan da galan-galan na kanti da hitar da ta ƙi ɗumi. Na zare gorar a hankali na tura ta ƙarƙashin kujera. Sanyin da na ji daga nan ba na gari ba ne.

Mai janwe ya zo, wani ƙaton mutum mai fara'a, ya sa mu a gaban motarsa inda hita ke aiki. Baba ya manna fuska a gilashin baya yana kallon yadda yake ɗaure sarƙa, ya ce wannan ya san aikinsa. A wurin dillalan motocin da na sayi motar suka karɓe ta, suka ba ni ta aro, suka ce za su kira.

Da yamma na gaya wa maigidana komai, har wankin siminti. Cewa ya yi, "Da kin faɗa mini, galan ɗaya ne." Ya bayyana mini cewa jan ruwan nan da gangan aka yi shi haka, shi ne ke hana ruwan inji daskarewa. Sannan ya ce shi ba zai je ya yi ƙarya ba, kuma ba zai iya tsayawa a faɗi wannan magana a gaban Baba ba, ni zan je. Na ji haushinsa, don ya fi sauƙi a kan jin haushin kaina. Na kuma yanke shawara: in sun tambaya, zan ce ban sani ba. In garantin ya ɗauki gyaran, maganar ta mutu a nan, Baba ba zai taɓa sanin hannunsa ne ya kashe motar ba, gobe da asuba zai fita ya goge gilashi. Wannan kaɗai nake so.

Bayan kwana uku suka kira. Na so in sulale ni kaɗai, amma na tarar da Baba ya riga ni shiri, babbar riga a ƙarƙashin rigar sanyi, hula a kai. Ya ce direba ba ya barin motarsa a hannun bakanike bai je ya tsaya a kanta ba.

Matar da ke kula da masu kawo gyara Baturiya ce mai furfura, sanye da tabarau. Ta zaunar da mu, ta miƙa wa Baba kofi, sannan ta ajiye wata 'yar kwalba a kan tebur, cike da ruwa fari tas. Ta ce jikin injin ya tsage, sai an sa wani. Ta ce wannan shi ne abin da suka tarar a ciki, ruwan famfo ne tsagwaronsa, ba ɗigon maganin daskarewa. Dole ta rubuta wa kamfani yadda aka yi ya shiga. Ko wani ya taɓa motar a waje? In ban sani ba, in ji ta, haka za ta rubuta, sai su koma kan bakanikensu da ya sa hannu a takardar sabis na ƙarshe, su ji ta bakinsa.

Wato akwai wani bawan Allah a bayan bangon nan da za a tsare da tambaya kan abin da bai yi ba. Na ji wannan sarai, na fahimta, kuma duk da haka na buɗe baki zan faɗi ƙaryata. Ina so a san haka.

Baba ne ya riga ni. Bai bi zancenmu ba, amma ya ga kwalbar. Ya ɗauke ta, ya ɗaga ta wajen haske, ya kalle ta da idon nan da aka gyara, ya yi murmushi. Ya doki ƙirjinsa, ya haɗa Turancinsa na tasha, wanda ya yi shekaru yana ciniki da shi a kudu.

"Na me. I wash am three times. Clean water." Wato shi ne, sau uku ya wanke, ya zuba ruwa mai tsabta.

Matar ta cire tabarau. Ta kalle shi, ta kalle ni, kuma na ga ta gane komai, har abin da nake shirin faɗa. Ta sassauta murya ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma garanti ba zai ɗauki wannan ba, kuma abin da ta ji shi za ta rubuta.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce sanyi ne ya fasa injin. Garanti bai shafi sanyi ba."

"To ki gaya mata ruwan da suka zuba miki tun farko tsatsa ne. Su binciki wannan."

Na juya na gaya wa Baturiyar cewa mahaifina yana godiya da kofi. Baba ya ce yana son ya ga injin. Ba a barin mutane su shiga wurin gyara, amma ta tashi da kanta ta raka shi. Bakaniken ya haska tocila, ga tsagar nan siririya a gefen ƙarfe. Baba ya sa babban yatsansa ya bi ta daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Ya daɗe a sunkuye.

"Daga ciki aka turo shi," ya ce, ba da kowa yake ba.

A hanyar gida bai yi mini faɗan birki ba ko sau ɗaya. Da la'asar ya tambaye ni ko ina da kwalbar da ba na amfani da ita, mai murfi. Na wanke kwalbar zuma na ba shi, a zatona goronsa zai zuba.

Washegari bayan asuba na ji ƙarar ƙofa, amma ta baya. Da gari ya yi haske na leƙa, na same shi tsaye a kan matakala, ba rigar sanyi. Kwalbar zumar tana ƙasa a gabansa. Ashe ruwan famfo ya cika ta da shi, ya ɗaure murfin tam, ya bar ta ta kwana a waje. Ta tsage gida uku, gilashin ya zube gefe, ƙanƙarar tana tsaye ita kaɗai da siffar kwalba.

"Baba, shigo, sanyi zai kama ka."

Bai juyo ba. "Jan ruwan nan ba tsatsa ba ne."

"A'a, Baba."

"Na ga gorar da kika ɓoye a ƙarƙashin kujera. Idon nan ɗaya yana gani, ke kika biya aka gyara. Ranar da na zubar da shi, kin san wani abu."

"Ban sani sosai ba."

"Amma kin ji a jikinki. Na hango ki ta tagar banɗaki kina wanke ƙasa kafin mijinki ya dawo. Na ɗauka tsabta ce." Sai a lokacin ya juyo. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini. "Shekara arba'in, ban taɓa kashe inji ba. Kuskure kowa na yi, ƙasar ba tawa ba ce. Amma ke kin gani. Ba ki hana ni ba, saboda kin ga tsoho ya sami abin wasa."

"Baba, wallahi na ga kana cin abinci ne."

"Na sani," ya ce.

Ya durƙusa da ƙyar, ya shimfiɗa tsummansa a ƙasa, ya tsince gilasan ɗaya bayan ɗaya don kada yara su taka, ya ƙulle bakin, ya miƙo mini. Ya ce in zubar, har da tsumman.

Motar ta dawo da wani injin bayan mako uku. An yi aikin ido na biyu, shi ma ya yi kyau. Kullum da asuba ina jin ya idar da salla, ina kwance ina sauraron ƙofar gaba, sai dai in ji jan kujera a bakin taga. Burodin ma ya daina kushe shi. Da sanyi ya wuce ya ce yana son ya koma gida, ban kuma sami bakin hana shi ba.

Saura kwana biyu ya tafi, na kasa haƙura. Na fita da sassafe na buɗe bonet da kaina, na tsaya a gaban injin da ban san kansa ba, na bar ƙofar gida a buɗe. Na ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba, zo ka duba mini baƙin mai, kamar ya yi ƙasa."

Yana zaune a kujerarsa, idanunsa biyu garau, yana kallona ta gilashin taga. Bai motsa ba.

"Kira masu garanti," ya ce.